Kafin a yi hayar gireda: me kwamitin gari zai saya don fitar da hanya a daji?

Daga Mai Wurno har Damazin a nan Sudan, duk garin da ke nesa da kwalta ya san abin da damina ke yi masa. Ruwa ya sauka a Yuni, baƙar laka ta jiƙe ta kumbura, babbar mota ta kafe, wani lokaci sai Oktoba a sake ganin ta. Shi ya sa da an yi karo-karo don fitar da hanya zuwa gonaki, hankalin kowa sai ya koma kan hayar gireda, motar share hanya. Shawarata, 'yan uwa, kuɗin farko ya tafi wajen gano inda ruwa ke kwanciya, domin gireda inda aka nuna mata take bi.

Mafi araha ita ce wayar da ke aljihunku. A sauke taswira a manhajar OsmAnd tun ana da intanet, za ta riƙa zana sawunku ko babu sabis. A fili kuskurenta kan kai mita 5, a ƙarƙashin itatuwa ya fi haka, awon tudu da gangare kuwa kada a dogara da ita. Na'urar hannu irin Garmin eTrex ta fi ta jure ƙura da faɗuwa, tana cin batir AA da ake samu a kasuwa, abin da ke da amfani inda caji ke wuya. Amma ba za ta gaya muku abin da waya ta kasa ba. In tafiyar ba ta kwanaki ba ce, a bar kuɗin.

Hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth kyauta ne, kuma a kwamfuta ana iya komawa hotunan shekarun baya. A nemi na ƙarshen damina a ga inda kore ya daɗe bai bushe ba. Da shi za a fitar da hanyoyi biyu ko uku a takarda. Iyakarsa ke nan. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, bambancin rabin mita ke raba busasshen wuri da fadama, hoton sama kuwa ba ya gane wannan.

Abin da na fi so a biya wa kuɗi da daraja shi ne ƙafar wanda ya san dajin: tsohon makiyayi, maharbi, ko mai ɗibar ƙaro. A ce masa, "Baba, nuna mana inda shanu ke bi idan ruwa ya cika." Dabba ba ta son laka, tsohon sawunta kan bi tudu. Shi zai nuna muku jar ƙasa mai tsakuwa da ake ce wa azaza, wadda ke ɗaukar mota ko an yi ruwa. Itatuwa ma suna magana: inda bagaruwa, sunut ɗin Larabawa, ta yi duhu, wurin ambaliya ne, inda dushe ya yi yawa, laka ce mai riƙe ruwa. A yi zagayen cikin damina ko da ta janye, alamar ruwa na nan jikin itace. Wanda ya zaga a Maris zai ga ko'ina busasshe, ƙasa ta dare, ya ɗauka miƙaƙƙiyar hanya ce mafita. Sau da yawa mai zagaye ta tudu, ko ta ƙara kilomita, ta fi araha a kan radmiyya, wato hanyar da aka ɗaga da cikon ƙasa, da za a yi ta ciko duk shekara. Wannan dattijon ne kuma zai hana ku yanka burtali ko gonar dakwarar wani, kuma mun san irin rigimar da hakan ke haifarwa.

Safiyo, wato massah, shi ne mafi tsada, amma kada a tsallake shi. Kada kuma a ɗauke shi ya auna dajin duka. A kai shi mashigar kowane khor, wato rafin damina, da wuraren da ake tababa, ya auna da na'urarsa ya faɗi inda kwalbati zai isa da inda mazlagan na siminti ya fi, wanda ruwa ke bi ta kansa ya wuce. A yi ciniki a kan aiki, ba a kan kwana ba, a rubuta, ya bar muku zane da turaku a ƙasa.

Jirgi mara matuƙi yana ɗaukar hoto mai kyau, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, tayar da shi jefa rayukan mutane ne cikin haɗari. Ko kyauta aka ba ku, kada ku karɓa.

Kafin a sare itace ko ɗaya, a je ofishin Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, a tambaya ko hanyar ta taɓa keɓantaccen daji. Masu maƙwabtaka da gandun Dinder su fi kowa kula da wannan. A tafi da zanen safiyo da sa hannun shehun gari da na omda, shugaban shehunan yankin.