Gidan kallon Agege da ke nuna wasan besbol

A wani lungu na Agege akwai gidan kallon ƙwallo da ya ware talabijin ɗaya domin wasan besbol na Amurka, kuma a nan ne na bi kakar 2024 ta ƙungiyar Chicago White Sox, wadda ta sha kashi sau 121. Tunda awa 6 ke tsakanin Legas da Chicago a lokacin bazararsu, wasannin dare sukan kai mu tsakar dare, shi ya sa mai gidan yake maimaita su da la'asar, dabarar da ta cancanci yabo.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin da yake yi da Hausa a kan masu jifan ƙwallo. Da White Sox ta miƙa biyu daga cikin masu jifanta ga wasu ƙungiyoyi, Erick Fedde ga St. Louis Cardinals, Michael Kopech kuma ga Los Angeles Dodgers, a ƙarshen Yuli, ya fahimtar da mu cewa ƙungiyar da ta fid da rai takan musanya gogaggun 'yan wasanta da matasa domin gaba. A ganina, riƙe wani mai jifan, Garrett Crochet, har zuwa Disamba ya fi waɗancan shawarwari hikima, ko da yake bai hana shan kashi 21 a jere ba, kuma an sallami koci Pedro Grifol a Agusta.

Hoton yana fita tas, amma bencinan sun matse, fanka ɗaya ce tak, ƙarar janareta kuma takan danne muryar masu sharhi idan aka ɗauke wuta.