Ƙwayar Aquatabs a gidajen Maraɗi: mun auna ta daga bido har bakin randa

Duk shekarar da zawo da amai ya ɓulla a jihar Maraɗi, kaya uku ne ke fara shiga gidaje a hannun masu wayar da kai: sabulu, ƙunshin gishiri da sukari na SRO, da ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs. An ga haka a 2018, lokacin da kwalara ta tashi daga gundumar Madarunfa a watan Yuli ta kama sama da mutum 3,500 a Nijar, an sake gani a 2021 da ta kama sama da 5,000. Ƙwayar nan muka sa a sikeli. Hukuncinmu a taƙaice: a ruwa mai haske, cikin bido mai murfi, aikinta ba shi da makusa, kuma ba mu san wata hanya mai sauƙin ɗauka da ajiya kamarta ba. Rauninta yana farawa ne daga lokacin da ta bar hannun mai rabo ta shiga hannun uwargida, kuma a nan ne ake gane ko shirin yana da gwanin sanin halayyar jama'a a kansa ko ba shi da shi.

Kamfanin Medentech na ƙasar Ayilan ke yin ta. Sinadarin cikinta, wanda ake taƙaita sunansa da NaDCC, yana sakin kulorin idan ya narke, wato dangin abin da ke cikin ruwan jabel, sai dai shi a bushe yake, ya fi jure zafi, yana kai shekara 5 a cikin ledarsa idan ba a huda ta ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin sinadarin da ke cikin ƙwayar ne ke zama kulorin. Ke nan ƙwaya mai miligiram 67 na sinadarin tana ba da kamar miligiram 40 na kulorin, idan aka jefa ta a lita 20 kowace lita ta samu 2. Wannan shi ne awon ruwa mai haske, na famfo ko na rijiya mai kyau. Idan ruwan ya yi duhu-duhu sai a ninka, ƙwaya biyu. A rufe bidon, a jijjiga, a bar shi minti 30 cif kafin kowa ya kai baki. Bidon mai na lita 25 da ya cika gari yana ɗaukar ƙwaya guda ɗin nan ba matsala muddin ruwan garau yake, don lissafin yana faɗawa wajen miligiram 1.6 a lita.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne girman ƙwayar. Akwai mai miligiram 8.5, akwai 33, akwai 67, akwai 167, dukansu farare, goma-goma a leda. Wanda bai iya karatun boko ba yakan sha wuyar bambanta su. Idan ƙungiya ɗaya ta raba mai 33 a wannan unguwa, wata ta raba mai 167 a ta kusa, rediyo kuma yana ta cewa "ƙwaya guda a bido guda", to gida na farko ya samu rabin abin da ake buƙata, na biyu ya samu miligiram 5 a lita, ruwan da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sha. An sha wannan ruɗanin a Haiti bayan 2010. Maganinsa ba ya hannun kamfani: a tsayar da girma ɗaya a gunduma ɗaya tun kafin a buɗe sito.

Akwai abubuwan da ba ta yi, kuma ya kamata a faɗe su ƙarara. Ba ta iya wa ƙwayar cutar nan mai suna Cryptosporidium, wadda ke sa yara zawo. Ba ta cire gishiri, ba ta cire maganin feshin gona, ba ta cire fuloraid. Mutanen Tsibiri sun san abin da ake nufi, don ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa a shekarun 1980 da 1990. Ruwa irin wannan ko leda guda aka juye masa yana nan yadda yake. Haka kuma ƙananan ƙwayoyin nan ba na wanke amai, bayan gida ko gawa ba ne. Wancan aiki yana son kulorin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, wanda ma'aikatan likita ke haɗawa daban.

Ruwan damina shi ne babban gwajinta. Ruwan Gulbi idan ya kawo, ko na tabki, ko rijiyar da ambaliya ta shiga kamar yadda aka gani a 2024, laka da dattin ciki suna cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Sai an fara kwantar da shi: a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama, a tace da tsabtataccen ƙyalle mai ninki huɗu. Kada a raina ƙyallen. A Bangaladash, binciken da Rita Colwell da abokan aikinta suka fitar a 2003 ya nuna tacewa da tsohon zane mai ninki huɗu kaɗai ta rage kwalara da kusan rabi. Alif yana kwantar da laka da sauri. Dakakken ƙwallon zogale ma yana yi, ga shi kuwa ba a rasa shi a lambunan Jiratawa, amma yana barin ɗan maiƙonsa a ruwa, shi ma yana cin kulorin, don haka ruwan da aka kwantar da zogale a lissafa shi cikin mai son ƙwaya biyu.

Sai randa, wadda ita ce ainihin abokiyar takarar bido. Ba wanda zai bar ruwan randa mai sanyi ya sha na bidon roba da ya wuni a rana, kuma duk saƙon da ya ce a yar da randa ya mutu tun kafin a gama karanta shi. Amma randa ba a san litarta ba, jikinta na yumɓu yana shan kulorin, bakinta a buɗe, moɗa ɗaya kowa na tsomawa, yaro ya ajiye ta ƙasa ya sake mayarwa. Abin da ke aiki shi ne a raba musu aiki: a sa ƙwaya a bido, bayan minti 30 a juye a randar da aka wanke, iya abin da za a sha a wunin, a rufe da faifai, a rataye ludayi mai dogon hannu a gefe. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowacce da randarta da ranar girkinta, in aka ba maigida ledar ya sa a aljihu an gama. Kowane ɗaki a ba shi nasa.

Ƙorafin da ya fi kowane yawa shi ne wari. "Ruwan yana warin jabel," "yana ɓata fura." Ƙorafi ne na gaskiya, don akwai masu jin kulorin tun bai kai rabin miligiram a lita ba. Ana rage shi da sa ƙwayar da daddare a sha da safe, kuma a yi awon daidai. Mai wayar da kai da ya san aikinsa ba ya musu da mai ƙorafi. Yakan ce: "Inna, gaskiyarki, akwai wari. Warin nan shi ne shaidar maganin yana ciki. Ki sa da magariba, kafin asuba ya lafa." Sannan ya ɗebi kofi ya sha a gabanta. Shan nan ya fi duk wata takarda mai hoto.

Siffarta ma tana jawo mata magana. Farar ƙwaya ce a leda kamar ta ciwon kai, don haka akwai haɗarin a haɗiye ta a matsayin maganin zawo, ko yaro ya tsince ta. A ajiye ta sama, a kuma faɗa da baki cewa ta ruwa ce, ba ta ciki ba. Kuma duk ƙwayar da aka raba kyauta a ƙasar Hausa tana tafe da tsohuwar tambaya ta hana haihuwa, wadda ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 zuwa 2004. Ga kuma tambayar alwala: almajirin fiƙihun Malikiyya ya san ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, to ina matsayin wanda aka sa wa ƙwaya? Wannan amsar ta malamai ce, ba ta ma'aikacin lafiya ba, kuma a nemo ta daga limaman gari tun da rani, kafin wani ya tashi da ita a masallaci ana tsakiyar annoba.

Wani gibin da ba a cika kula da shi ba: kwalara da aikin gona lokacinsu ɗaya. Manomi ya fita da gora ko ɗan bido na lita 4 ko 5, ya ƙare, ya sha na kududdufi. Ƙwayar lita 20 ba ta dace da wannan ba, fasa ta huɗu da farce kuwa caca ce. Ko a cika masa daga bidon gida, ko a tanadi ƙaramar ƙwaya musamman don masu zuwa gona. Haka makarantun allo, masu fura a tasha da ƴan garuwa. Waɗannan suna shayar da mutane fiye da kowane gida.

Duk abubuwan nan da muka jero ba na ilimin sinadari ba ne, na ilimin halayyar ɗan Adam ne. Susan Michie da abokan aikinta a Landan sun tsara shi a 2011 cikin tambaya uku: mutum ya iya, yana da dama, yana so? Yawancin shirye-shirye suna zuba kuɗinsu a ta farko, a yi ta shela cewa ruwa mai datti na kawo cuta, abin da kowace tsohuwa ta sani. Matsalar ta fi zama a dama. A yammacin Kenya, Michael Kremer da abokan bincikensa sun gwada kafa tulun kulorin a bakin wurin ɗiban ruwa, da mutum guda na garin mai kula da shi, sai gidajen da ake samun kulorin a ruwansu suka tashi daga ƙasa da 1 cikin 10 zuwa sama da rabi. Dalili a fili yake: abin yana gaban mace daidai lokacin da take cika bido, maƙwabta na kallo, tafiyar komawa gida kuma ta cinye wani abu daga minti 30 ɗin. A ganinmu, lokacin annoba, tsayar da mutum a bakin rijiya yana jefa ƙwaya a kowane bido ya fi raba leda gida-gida a juya baya.

Wannan shi ya sa ake neman manyan ma'aikata a fannin ilimin halayya. A watan Mayu 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙuduri kan amfani da ilimin halayya a harkar lafiya, kuma a sanarwar neman ma'aikata da Faransanci ana ganin muƙaman da sunan CREC, wato sadarwa kan haɗari da tafiya da al'umma. Galibi ana son digiri na biyu a lafiyar jama'a, nazarin zamantakewa, nazarin al'adu ko ilimin tunani, da shekaru na aiki a fili. Faransanci na rahoto ne. Aikin kansa da Hausa ake yin sa, a Dakoro da Bermo kuma a haɗa da Fulatanci da Tamajak. Mai son zurfafawa a cikin gida ya duba ayyukan cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda ta daɗe tana nazarin dalilin da ke sa tsarin da aka ɗauko daga waje ke canza kama idan ya isa gidan likita na ƙauye.

Babban ma'aikaci irin wannan, rabin aikinsa da rani yake, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ya san wane mai gari, wace ungozoma, wane limami ake jin maganarsa a Ɗan Isa ko Gidan Runji. Ya gwada saƙo a kan mata goma kafin a kai shi rediyo, ya ji yadda suka maimaita shi da bakinsu. Yana da littafin da ake rubuta jita-jita kowace rana, a ware wadda za a amsa da wadda amsa ta zai ƙara mata ƙafa. Kuma yana zaune a teburin da ake yanke shawarar sayen kaya, don in an riga an sayo girma uku na ƙwaya, ba wata shela da za ta gyara.

Hanyar gane ko rabo ya yi amfani ɗaya ce. Kada a tambayi uwargida ko tana sawa. Kunya da kara za su sa ta ce tana sawa. A koma bayan mako biyu ko uku ba da sanarwa ba, a roƙi ruwan sha kamar baƙo, a zuba a ɗan akwatin gwaji, a jefa ƙwayar gwajin kulorin mai suna DPD 1. Idan ya yi ja-ja akwai kulorin. Ana son a samu aƙalla miligiram 0.2 a lita ko da ruwan ya kwana. Idan fari ya fito a gidaje da yawa, a tambayi dalili ba tare da faɗa ba, sau da yawa ma ƙwayar ce ta ƙare. Lissafin ba wuya: gida mai mutum 8, a ce lita 5 kowanne don sha da girki, lita 40 ke nan, ƙwaya 2 a rana, 60 a wata, leda 6. Wanda aka ba leda guda, ranar ta shida ya koma ruwansa na da.

Idan zawo mai kama da ruwan shinkafa ya riga ya kama mutum, aikin ƙwayar ya koma na gefe: ta tsabtace ruwan bidon da za a ɗebi lita 1 daga cikinsa a kaɗa ƙunshin SRO guda. In babu SRO, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. A riƙa ba shi yana kurɓa a kan hanyar zuwa likita, kada a jira gari ya waye, don kwalara tana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin ƴan awoyi.