Rikoda ta katako ko ta roba: wacce za ta jure hunturu?

Rikoda sarewar Turawa ce mai huji takwas, bakwai a gaba, ɗaya a baya na babban yatsa. Ba kamar sarewar makiyaya ba, bakinta na da siririyar kafar iska, ko yaro ya busa za ta yi kuka.

Ta katako ta fi zaƙin murya, amma shagwaɓaɓɓiya ce. In sabuwa ce, kada a wuce minti 15 ana busa ta a rana a makonnin farko. A hunturun Gumel ko Kazaure, numfashi ya jiƙa cikinta, iska ta busar da bayanta, sai ta tsage. A goge ta bayan busa, ta bushe a inuwa.

Ta roba, irin ta Yamaha, ba ruwanta da wannan. Aibinta raɓa: tururin baki kan toshe kafar, murya ta dishe. A ɗumama ɓangaren bakinta a hammata kafin busa, a riƙa wanke ta da ruwan ɗumi da ɗigon sabulu.

Mai sha'awar babbar, wato bas, mai kusan mita ɗaya, sai ya nemi ta roba. Ya gwada makullanta, wato murafan da ake dannawa su rufe hujin da yatsa ba ya kaiwa, kafin ya biya, domin in fatarsu na yoyon iska, amo mai kauri ba zai fita ba.