Mai gyaran jita a Ojuelegba da ya leƙa ciki kafin ya yanke kuɗi

Jitar da na gada daga kawuna, wanda ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ƙirar Yamaha FG-180 ce, samfurin da kamfanin Nippon Gakki ya fara fitarwa a Japan a 1966. Tun daminar bara take wani zuzu idan an kaɗa tsirkiyoyi masu kauri, fuskarta kuma ta ɗan kumbura a bayan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyin ke hawa kansa. Masu gyara biyu da na fara kai wa sun ce a sauya tsirkiya kawai, ba tare da ko ɗayansu ya leƙa cikinta ba, har sai da wani maƙwabcina a Agege ya kwatanta mini wani ƙaramin shago kusa da gadar Ojuelegba.

Abin da ya sa na amince da dattijon da ke gyara a shagon shi ne bai ambaci kuɗi ba sai da ya sassauta tsirkiyoyin, ya zura ɗan madubi da tocila ta bakin jitar, sannan ya ce, "Malam, matso ka gani da idonka." Ya nuna mini haƙarƙari biyu na katako da suka gitta juna a ƙarƙashin fuskar, tsarin da kamfanin Martin na Amurka ya yaɗa tun ƙarni na 19, waɗanda su ne ke taimaka wa siririn katakon ya jure jan tsirkiyoyin ƙarfe shida, wanda ya kai kimanin kilo 70. Ya ƙwanƙwasa fuskar da gaɓar yatsa yana saurare, ya cusa wani siririn ƙarfe a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, sai ga shi ya shige. Gam ɗin ya saki, kuma laimar Legas ce ta ci shi a hankali.

A gefen ciki ya gano wani tambarin tawada da ya fara da 45, ya ce lissafin shekarun sarautar Sarki Showa na Japan ne, wato 1970. Ban taɓa sanin shekarunta ba sai ranar, ko da yake ta girme ni. Ya kuma bayyana cewa fuskar falle-falle ce aka manne, ba katako guda ba, shi ya sa ba ta tsage ba duk da hunturun Kano da kawu ya sha kai ta.

Ya manne haƙarƙarin, ya ƙarfafa farantin da ke ƙarƙashin jaki, amma ya ƙi taɓa wuyan, domin cire wuyan tsofaffin Yamaha aiki ne mai haɗari kuma nata bai kai ga haka ba.

Inda na ga gazawa shi ne alkawari: kwana goma ya ce, sai da aka yi mako uku, kuma ba kasafai yake ɗaga waya ba. Ƙarar janareta da ta motocin gada ta hana ni jin sautin a shagon, sai da na koma gida bayan sallar isha'i na tabbatar zuzun ya tafi.