Sharhi kan silaida masu girafait bayan hunturu guda a kan babur ɗin dusar ƙanƙara

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Sudbury, a arewacin Ontariyo ta ƙasar Kanada, kuma a hunturuna na biyu ne na sayi babur ɗin dusar ƙanƙara na hannu, ƙirar Ski-Doo, domin zaman ɗaka daga Disamba har Maris ya ishe ni. Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin irin wannan babur ba, bayansa yana tafiya ne a kan wani faffaɗan bel na roba, wanda yake zagaye wasu dogayen ƙarafa biyu na alminiyon. A ƙasan kowane ƙarfe an zura wata doguwar roba mai tauri, wadda ake kira silaida, ko hayfaks a bakin mutanen nan, kuma a kanta ne ƙananan ƙarafunan da ke manne a cikin bel suke gugawa. Babu man da ake zuba mata. Dusar da bel yake watsowa ita ce mai, ita ce kuma ruwan sanyaya, don haka duk ranar da hanya ta daskare ta yi tauri, robar nan tana ji a jikinta.

Abin da ya kai ni ga sayen sababbi shi ne warin roba mai ƙonewa da na riƙa ji duk lokacin da na tsaya, sannan idan na zo tashi sai babur ɗin ya ɗan maƙale kafin ya fizga, alamar robar ta narke ta kama ƙarfe. Da na kwantar da shi na haska tocila, sai na ga silaidar hagu ta cinye har ta kai layin da aka zana a gefenta a matsayin iyaka, kuma cin bai wuce tsawon tafin hannu ba, daidai inda ƙarfen yake lanƙwasawa sama ta gaba. Ta dama kuwa kai ka ce ba a daɗe da saka ta ba. Mai shagon da na je ya nuna mini iri biyu, ta gama-gari da kuma wata baƙa wadda aka cakuɗa da girafait, wato irin baƙin abin nan da ke cikin fensir, kuma kuɗinta ya fi na ta farkon sosai. Ya ce ta fi santsi kuma ta fi jure zafi. Bai tambaye ni yadda tsohuwar ta cinye ba, ni ma ban faɗa masa ba, domin a lokacin na ɗauka rashin ingancin roba ne kawai.

Sakawar ba ta ba ni wahala ba. Na ɗaga bayan babur, na sassauta bel, na kwance kusar da ke riƙe kowace silaida ta gaba, sannan na riƙa bugunta da guduma da sukurudireba har ta fita ta baya, ta ɗaya daga cikin kafofin da ke jikin bel. Sababbin sun fi ƙarafuna tsawo, sai da na yanke su da zarto, kuma ruwan sabulu ya taimaka wajen zura su.

Bayan tafiyar kilomita kusan 400 na sake dubawa, sai ga shi ta hagu ta fara ramewa a wuri guda da tsohuwar, ta dama kuma tana nan lafiya lau. A nan ne maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin haƙar ma'adinai kuma ya girma a kan waɗannan babura, ya shigo garejina ya ce in ajiye fushina da robar tukuna. Ya kama wata ƙaramar taya da bel yake bi ta ƙarƙashinta, kusa da lanƙwasar hagu, ya girgiza ta, sai ta yi ƙwal-ƙwal: boris ɗinta ya mutu, kuma robar bakinta ta tsage, saboda haka nauyin da ya kamata ta ɗauke a wannan wuri duk ya koma kan silaida. Daga nan muka ɗaga bayan babur, muka kunna injin, bel yana juyawa a hankali babu kowa a bayansa, muka kashe, muka auna tazarar da ke tsakanin silaida da haƙoran bel a kowane ɓangare. Bel ɗin ya karkata gefe guda, kuma na ɗaure shi fiye da kima lokacin da na mayar da shi, domin littafin babur ɗina ya ce idan aka ja tsakiyar bel da nauyin kilo 7.3, ya kamata ya sauka milimita 30 zuwa 35, nawa kuwa da ƙyar yake motsawa. Muka canja tayar, muka sassauta bel, sannan muka riƙa ɗaure notin ɓangaren da tazararsa ta fi faɗi kaɗan-kaɗan, muna sake juyawa muna aunawa, har ɓangarorin biyu suka zo daidai. Rabon da in ji kunya irin ta ranar an daɗe.

Sai bayan wannan gyara ne na iya auna robar da adalci. Na ƙara kilomita sama da 1,000 kafin dusar ta narke, yawanci a kan hanyoyin da ƙungiyoyin mahaya suke dannewa da injin, waɗanda suke wayar gari da tauri kamar daɓe, kuma cin da ya biyo baya kaɗan ne, daidai wa daida a hagu da dama. Warin ƙuna ya ragu ƙwarai, maƙalewar nan ma ta daina. Sai dai ba zan jingina wannan duka ga girafait ba, domin a tsakiyar Fabrairu na ƙara wasu ƙarafa biyu masu karce ƙanƙara suna watsa ta cikin bel, kuma na koyi ratsewa cikin dusa mai laushi lokaci-lokaci don robar ta huce. Inda ba ta nuna wani fifiko ba shi ne wajen tsallaka titin mota, inda ake zuba yashi da gishiri. Yashin yana kartar ta kamar kowace roba, har ana ganin sawunsa.

Ga mai yawan hawa a kan tafki daskararre ko hanya mai tauri, ina ganin ƙarin kuɗin ya biya. Wanda yake hawa cikin dusa mai zurfi kuwa, ta gama-gari ta ishe shi. Ramin da ta hagu ta yi a farkon hunturu yana nan, saura kaɗan ya kai layi, don haka zan canja su biyun kafin Disamba, kuma iri ɗaya zan sake saye.