Akwatin da ya dawo mini da maɓallan sitiyari: sharhi bayan wata takwas

Ranar da na cire rediyon da ya zo da motata na dasa ƙaramar kwamfuta mai allon taɓawa a gurbinsa, murna ta hana ni lura da abin da na yi asara. Taswira ta samu, karatu da waƙoƙin da na tara duk sun shiga wuri guda, allon kuma tas. Sai da na hau titi babban yatsana ya tafi inda ya saba, ya danna maɓallin rage murya a jikin sitiyari, shiru. Maɓallai biyar ne a wurin: ƙara murya, rage murya, gaba, baya, da na sauya tasha. Duka sun mutu, domin rediyon da ke jin yarensu ya tafi.

Na yi kusan wata biyu ina miƙa hannu ina laluben allo. Gilashi ba shi da tudu ba shi da kwari, yatsa ba ya gane komai a kansa sai ido ya taya shi. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kallon allo na daƙiƙa biyu ya kai mita 56 da mutum ya yi ba tare da ya ga hanya ba. Wata rana da yamma na ɗago kai daga allon na tarar mai babur ya riga ya shigo gabana. Allah ya tsare, amma a daren nan na fara neman mafita.

Abin da na saya wani ɗan akwati ne da bai kai kwalin ashana biyu ba. Gefe ɗaya wayoyi ne da ake haɗawa da na sitiyari, ɗaya gefen kuma USB ne da ke shiga kwamfuta. Aikinsa tafinta: ya ji abin da maɓalli ya faɗa, ya gaya wa kwamfuta da harshen da ta sani. Ita kwamfutar kallon kibod take yi masa, shi ya sa ba ta nemi a ɗora mata wata manhaja ba kafin ta karɓe shi. Wannan shi ne abu na farko da ya burge ni, kuma har yau shi na fi yaba wa.

Kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, akwai abin da ya wajaba ya sani game da motarsa, kuma takardar da ta zo cikin kwalin ba ta yi bayaninsa yadda ya kamata ba. Maɓallan sitiyari galibi iri biyu ne. A motoci da yawa, musamman tsofaffi, kowane maɓalli yana da ɗan abin da ke tauye wuta a bayansa, kowanne da nasa gwargwado. Ka danna wannan, wuta ta ragu kaza. Ka danna wancan, ta ragu kaza. Da haka maɓallai huɗu ko biyar suke raba waya ɗaya, rediyo kuma ya gane wanda aka taɓa daga ƙarfin wutar da ta iso masa. Iri na biyu kuwa saƙon lambobi suke aikawa ta hanyar sadarwar da ake kira CAN, wadda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986, wayoyi biyu a murɗe da juna da na'urorin mota ke zance ta cikinsu. Akwatin da na saya na iri na farko ne kawai. Wanda motarsa ke amfani da CAN, ko ya kwana yana haɗa waya ba abin da zai ji; nasa akwatin daban ne, kuma sai wanda ya san yaren ƙirar motarsa.

Yadda na tabbatar da tawa ba wuya. Na zaro soket ɗin da ke bayan tsohon rediyo, na nemo wayoyi uku da taswirar wayarin motar ta nuna na sitiyari ne: biyu na saƙo, ɗaya nagatif ɗinsu. Na sa mita, wato na'urar awon wuta, a ma'aunin om, wanda ke nuna yadda abu ke tauye wuta, ƙanena yana danna maɓallai ina rubutawa. Gaba ya ba ni kusan sifili, baya wajen 330, ƙara murya wajen 1,000, rage murya ɗan sama da 3,000. Maɓallin sauya tasha yana kan waya ta biyu shi kaɗai. Da na ga lambobin nan suna sauyawa da kowane danni, hankalina ya kwanta.

A nan zan tsaya in ja kunne, domin abin ya wuce wasa. Ba sai an buɗe sitiyari ba. Wayoyin maɓallan suna saukowa ta cikin wata naɗaɗɗiyar waya da ke bayan sitiyari, wadda ke warwarewa tana naɗewa idan ana juya shi, kuma ta wannan hanyar ce wayoyin ham da na jakar iskar kariya suke bi. Duk soket mai launin rawaya na jakar iska ne. Ba a kai masa mita, domin 'yar wutar da mita ke fitarwa tana iya tayar da jakar. Ni na cire kan nagatif na batir, na jira fiye da daƙiƙa 90 da littafin gyaran motar ya ce, sannan na yi duk haɗina a bayan dashbod, nesa da sitiyarin.

Haɗa wayoyin bai ci minti talatin ba. Manhajar saiti ce ta cinye mini yini. Sai a kan Windows take aiki, rubutunta ƙanana, umarninta a hargitse, kamar wanda ya rubuta ta bai taɓa zaton wani zai karanta ba. Tsarin dai shi ne ka danna maɓalli, wata alama ta motsa a kan ma'auni, ka shata mata iyaka ta sama da ta ƙasa, sannan ka zaɓi abin da kake so kwamfuta ta ji. Sau biyu ina gamawa ina rufewa, aikin ya ɓace, saboda akwai wani wurin dannawa na dabam da ke tura saitin cikin akwatin, kuma babu inda aka ce a danna shi. Wannan sakaci ne, bai kamata a sayar wa mutane kaya a haka ba. Amma da zarar saitin ya shiga, ya zauna ke nan a cikin akwatin. Na cire batir sau da yawa bayan haka, bai manta ko ɗaya ba.

Sati na farko lafiya lau da rana. Da dare kuwa, ina kunna fitila sai abin ya rikice: in danna baya ya yi gaba, wani lokacin murya ta ragu ba wanda ya taɓa komai. Na zargi akwatin, har na fara shirin mayar da shi. Ashe kuskuren daga haɗina ne. Na ɗaure nagatif ɗinsa a jikin ƙarfen mota, a wani kusa da ya fi mini sauƙin kaiwa, maimakon in haɗa shi da nagatif ɗin da aka ware wa maɓallan. Idan fitilu suka ja wuta, sai a samu ɗan bambancin ƙarfi tsakanin wurare biyun, kaɗan ne ƙwarai, amma ya isa ya ture karatun daga gidan wani maɓalli zuwa na maƙwabcinsa. Tsakanin sifili da 330 ba wata tazara ba ce. Na mayar da wayar inda ya dace, na liƙe da dalma maimakon murɗawa da hannu, na ɗan faɗaɗa iyakokin a manhaja. Tun daga ranar bai sake yi ba, ko da fitila, ko da na'urar sanyaya mota a kunne, ko a hanya mai gargada.

Abin da ban zata zan so ba shi ne dogon danni. Kowane maɓalli yana iya ɗaukar aiki biyu, ɗaya idan an taɓa an saki, ɗaya idan an riƙe. Da haka biyar suka zama goma. Maɓallin sauya tasha yanzu shi ke tsayar da sauti ya ci gaba da shi, idan na riƙe kuma ya buɗe taswira. Riƙe rage murya yana kashe sautin gaba ɗaya, wanda ke da amfani sosai idan wani a mota ya fara magana. Sai dai akwai ɗan jinkiri a maɓallan da aka ba aiki biyu, domin akwatin yana jira ya ga ko za ka saki ko za ka riƙe. A wajen sauya waƙa ba ya damuna. A wajen ƙara murya ya dame ni, don haka na cire masa aiki na biyu na bar shi yadda yake.

Matsala ɗaya ta rage da ta ɗauke ni lokaci: idan kwamfutar ta farka daga barci bayan na kashe mota na dawo, wani lokacin ba ta ganin akwatin sai na zare na mayar. Na shiga saitin wuta na hana ta kashe ramukan USB don tattali, abin ya ragu sosai, ko da yake a wata takwas ɗin nan ya sake faruwa sau uku ko huɗu.

Wani abokina da ya iya rubuta manhaja ya ce da ya sani da ya haɗa mini irin akwatin da Arduino Pro Micro, wata ƙaramar na'ura da ake rubuta wa manhaja, wanda shi ma yana iya shigar kibod ta USB, yana kuma karanta ƙarfin wuta a matakai daga 0 zuwa 1023. Gaskiyarsa, dabarar ɗaya ce. Wanda hannunsa ya faɗa da irin wannan aiki zai fi samun yadda yake so a can. Shi kuma mai rediyon Android na zamani ya fara leƙa bayan na'urarsa, da yawansu suna zuwa da wayoyi masu alamar KEY1 da KEY2 da wurin koya musu maɓallai, ba ya buƙatar akwati sam. Wannan kaya na wanda ya dasa kwamfuta sosai ne a mota mai maɓallan tauye wuta, kuma ba ya son zaman rubuta manhaja. Ga irin wannan mutum ina ba da shawararsa ba tare da ɗar ba, da sharaɗin ya ari mita ya auna tukuna, ya kuma ware yini guda saboda manhajar.

Akwatin yana da sauran hanya ɗaya ta saƙo da ban yi amfani da ita ba. Na riga na sayo ƙaramin maɓalli da zan dasa kusa da giya in haɗa a kanta, don kashe hasken allon idan ina tuƙin dare.