Gargaɗi: lezar saitin ƙaramar bindiga ta jabu da 'yan damfara ke tallatawa a intanet

Jama'a, a yi hattara da tallar lezar saiti da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp da Telegram, wato 'yar na'urar nan da ake maƙala wa ƙaramar bindiga tana jefa jan ɗigo ko kore a inda harsashi zai sauka. Masu tallar kan ɗauko hotunan kayan Crimson Trace ko Streamlight ko Viridian ko LaserMax, duk sanannun kamfanonin Amurka, su ce ragowar kwangilar sojoji ce, ko kuma wani shago ne zai rufe yana karyar da kaya. Sai su sa dala 30 ko 40 a kan abin da na ainihinsa ke haura dala 100, wani ma ya kai 200 zuwa 300. Araha dai ba ta ado. Abin ya fi shafar 'yan'uwa mazauna Amurka da ke da izinin riƙe bindiga, domin can ne kasuwar wannan kaya take, amma akwai wani tarko na daban da ake ɗana wa mutanen gida.

Abin da ya sa damfarar ke ci shi ne jabun yana kamawa. Ka buɗe kwali, ka sa batir, ka danna, ɗigo ya fito a bango ja wur. Mai saye ya gamsu, ya rubuta yabo, wa'adin mayar da kaya ya wuce. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don bindigar wasa mai harba ƙwallon roba, wadda ba ta da wata girgiza. Ita kuwa ƙaramar fistol mai cin harsashin 9mm, saboda rashin nauyinta, bugun da take yi baya ya fi na babba kaifi, kuma duk wannan bugun a jikin lezar yake ƙarewa. A cikin na'ura ta ainihi, bututun da ke ɗauke da ƙwayar hasken yana zaune ne tsakanin ƙananan sukurori 2 na daidaitawa da sifirin mai ƙarfi da ke tokare shi. A jabu sifirin ɗin laushi gare shi, zaren sukurorin kuma a cikin roba aka yanka shi. Jikin lezar bai wuce santimita 5 ba, saboda haka idan bakinta ya goce da rabin milimita kacal, ɗigon ya kauce da santimita 10 a nisan mita 10. Ido ba zai ga gociyar a jikin na'urar ba. Ɗigon na nan yana haske kamar kullum, sai dai inda yake nunawa daban, inda harsashi ke zuwa daban. Wanda ya dogara da shi a ranar tsiya yana iya harbin wanda bai ji ba bai gani ba.

Ƙarya ta farko da za ka kama su da ita tun kafin ka biya ita ce cewa lezar tana shiga kowace irin ƙaramar bindiga. Babu wannan. Ƙananan bindigogi samfurin Glock 26 da Glock 43 ba su da ƙarfen maƙalawa a ƙarƙashin bututu sam. SIG P365 da ta fito a 2018 tana da shi, amma siriri ne, na kamfanin kaɗai. Ƙarfen maƙalawar ma iri-iri ne: ma'aunin Picatinny da sojojin Amurka suka tsayar a 1995 faɗin tsagarsa milimita 5.23 ne, na Weaver kuma wajen 4.57, don haka abin da aka yi wa ɗaya yana iya ƙin shiga ɗayan, ko ya shiga yana lilo. Shi ya sa kamfanonin gaskiya ke ƙera wa kowace bindiga tata: Laserguard ta Crimson Trace da TLR-6 ta Streamlight suna rungumar ƙarfen da ya zagaye kunama ne, kuma kowane kwali na ɗauke da lambar samfuri da sunan bindigar da aka yi wa. Ka tambayi mai talla lambar samfurin, ka duba ta a shafin kamfanin. In ya fara kame-kame, ko ya ce duk ɗaya ne, ka rabu da shi.

Ƙarya ta biyu ita ce ta ƙarfin haske. Za ka ga an rubuta "na sojoji, miliwat 50" ko "miliwat 100, yana kai kilomita 5". A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ce ke sa ido kan na'urorin leza, kuma lezar saiti da ake sayar wa farar hula ba ta wuce miliwat 5, wato aji na 3R, wanda a da ake rubutawa IIIa. Duk mai tallar da ya yi alfahari da fiye da haka, ko ƙarya yake yi, ko kuma gaskiya ya faɗa kayan nasa haramtacce ne mai iya ƙona ƙwayar ido. Na biyun ya fi muni. Na'ura ta ainihi tana zuwa da tambarin gargaɗi mai nuna aji da iyakar ƙarfi da tsawon zangon haske, ja tsakanin nanomita 630 zuwa 670, kore tsakanin 515 zuwa 532, da sunan kamfani da adireshinsa da wata da shekarar ƙira, da shaidar bin ƙa'idar 21 CFR 1040.10. A jabu sau da yawa takardar a karkace aka manna ta, babu adireshi, ko kuma lambar ƙira iri ɗaya ce a kan duk na'urorin da mutumin ke sayarwa.

Koriyar leza ta araha tana da wani haɗari da ba a gani. Ta tsohuwar ƙira mai nanomita 532 ba kai tsaye take fitar da kore ba. Ƙwayar farko na fitar da haske mai nanomita 808, wani dutsen kiristal ya mayar da shi 1064, wani kuma ya raba wannan biyu ya zama 532. Na farkon biyu ido ba ya ganinsu yadda ya kamata, saboda haka ake sa 'yar matata ta tare su. Masu ƙera na araha kan tsallake matatar don rage kuɗi. Idan sanyi ko zafi ya sa duwatsun suka ƙi aiki daidai, koren zai dusashe, mutum ya ɗauka batir ne ya yi sanyi ya leƙa bakin na'urar, alhali hasken da ba a gani na fita da ƙarfinsa, kuma ido ba zai ƙifta ya kare kansa ba. A 2013 cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada lezojin nuni na hannu guda 122, ta samu kusan kashi 90 cikin 100 na koraye da wajen kashi 44 na jajaye sun saɓa ƙa'ida. Na nuni ne aka gwada, amma irin waɗannan ƙwayoyi masu araha ne ake cusawa a jabun lezar saiti. Kada a taɓa leƙa bakin leza, a kunne ko a kashe, kuma kada a haska ta a madubi.

Idan kayan ya riga ya iso hannunka, akwai gwajin da ba ya buƙatar harbi. Cire gidan harsashi, ja saman bindigar baya, duba ɗakin harsashi da ido, ka sa yatsa ka tabbatar fanko ne, sannan ka kai harsasan wani ɗakin. Ɗaura lezar, ka kwantar da bindigar a kan abin da ba ya motsi tana fuskantar bangon da babu kowa a bayansa, daga nisan mita 10. Manna 'yar takarda a inda ɗigon ya tsaya. Yanzu danna jikin lezar da yatsa zuwa dama ka saki, zuwa hagu ka saki, sannan sama. Ta ainihi za ta ɗan motsa ta koma kan takardar. Jabu kan tsaya a sabon wuri. Sai ka juya sukurun daidaitawa kwata ɗin zagaye da alankin da ya zo a kwali, wanda yawanci 0.028 ne ko 0.050 na inci. Ya kamata ɗigon ya tafi a miƙe, sama da ƙasa ko dama da hagu. In ya tafi a karkace, ko ya ƙi motsi sannan ya yi tsalle, cikin ya lalace tun daga masana'anta. Gwaji na ƙarshe a filin koyon harbi ake yin sa: a daidaita ɗigo, a harba 5, a duba, a ƙara 50, sannan a sake gwada ɗigon da saitin ƙarfe na saman bindiga. In ya gusa, a ɗaure sukurori a maimaita sau ɗaya. Ya sake gusawa, ba abin ɗorawa a bindiga ba ne.

To amma a yi adalci, ba kowace matsala ce ke nuna jabu ba, kuma 'yan damfara na amfani da wannan ruɗanin su ce kai ne ba ka iya ba. Leza tana zaune ne a ƙasa ko a gefen bututu, don haka layin haske da layin harsashi a wuri ɗaya kawai suke haɗuwa. A ce lezar na ƙasa da bututu da santimita 4, ka daidaita ta a mita 10. A mita 2 harsashi zai sauka sama da ɗigon da kusan santimita 3, a mita 20 kuma zai sauka ƙasa da shi da kusan santimita 4. Wannan lissafi ne, ba lalacewa ba. Crimson Trace na daidaita nata a ƙafa 50 daga masana'anta, wajen mita 15 ke nan, kuma duk da haka sai ka gwada da taka bindigar da irin harsashin da kake ɗauka.

Ɗigon da ya baje ya zama kamar tauraro kusan kullum datti ne: hayaƙin harbi, man bindiga, ko zaren aljihu a kan gilashin. Auduga a kan ɗan tsinke da ɗigon sifirit ya isa. Kada a fesa maganin wanke bindiga a bakin, yana cin roba yana kuma shiga ciki. Ɗigo mai ƙyaftawa a lokacin harbi batir ne ke barin mazauninsa, sai a duba murfi da 'yan ƙarafan da ke taɓa batirin. Batirin kansa ma abin lura ne. TLR-6 na cin CR1/3N guda 2, jajayen Lasergrips da yawa, wato lezojin Crimson Trace da ke jikin mariƙin bindiga, su kuma CR2032 guda 2. Wasu na'urorin na karɓar batir samfurin 357 guda 2 a madadin CR1/3N guda, to sai mutane su sa LR44 saboda girmansu ɗaya kuma ya fi araha. LR44 ƙarfinsa kan yi ta raguwa tun daga farko, hasken ya dusashe da wuri. Jan ɗigo da ke ɓacewa a tsakar rana shi ma halinsa ne, miliwat 5 ba ya ja da hasken rana. Sukurorin ɗauri masu kwancewa kuma a sa musu ɗigo ɗaya na shuɗin gam ɗin zare irin Loctite 242 ko 243, ban da ja, wanda sai da wuta yake kwancewa, kuma a kiyaye kada ya taɓa roba ko sukurorin daidaitawa. Wani abin da masu talla ba sa faɗa: leza na canja siffar bindiga, tsohon kube ba zai karɓe ta ba. Tura ta da ƙarfi cikin kuben da ba nata ba na iya taɓa kunama.

Wajen biyan kuɗi ne fuskarsu ke fitowa fili. Za su nemi a biya ta manhajojin tura kuɗi irin Zelle ko Cash App, ko katin kyauta ko kuɗin kirifto, ko su ce a tura ta PayPal amma a zaɓi sashen 'yan'uwa da abokai. Duk hanyoyi ne da ba su da kariyar mai saye. Wasu ma ba sa aiko da komai, sai lambar bibiyar kaya ta wani ƙunshi da aka kai wani gida a unguwarku, don su nuna wa kamfanin biyan kuɗi cewa kaya ya isa. A saya daga shafin kamfanin ko dillalin da sunansa ke jerin dillalansa, a biya da katin bashi na banki. Dokar Amurka ta ba da kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar lissafi don ƙalubalantar cajin, PayPal kuma yana da nasa wa'adin kai ƙorafi idan an biya ta sashen kaya da ayyuka.

Tarkon mutanen gida ya fi wannan muni. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. A can Amurka kuma na'urorin saiti na bindiga suna cikin kayan da Ma'aikatar Kasuwanci ke tantance fitar da su, shi ya sa shagunan gaskiya ke ƙin aikawa ƙasashen waje. Don haka duk wanda ya ce zai kawo maka lezar fistol har ƙofar gida a Kano ko Kaduna cikin mako guda, ya san da wa yake magana. Za ka tura kuɗi a asusun wani mutum, bayan 'yan kwanaki a kira ka a ce kwastam sun riƙe kaya a filin jirgi, sai an biya kuɗin fito. Ka biya, wani ya kira da sunan jami'in tsaro ya ce an ga sunanka da lambarka a kan kayan makami, ko ka sasanta ko a zo gida. Sun dogara ne da cewa ba za ka iya kai ƙara ba. Jami'in tsaro mai riƙe da bindigar aiki shi ma kada ya ɗora mata abin da ya sayo a intanet. Bindigar ta gwamnati ce, duk abin da za a ƙara mata ta hannun mai kula da ɗakin makamai yake bi.

Wanda ya riga ya faɗa, ya dakatar da tura kuɗi daga kiran farko, ya ajiye hotunan hirar da rasit da lambar asusun, ya sanar da bankinsa a ranar. A Amurka ana kai rahoto ga FTC, hukumar kare masu saye, da kuma IC3, sashen FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet, a tura wa kamfanin da aka yi jabun kayansa hoton na'urar da kwalin. A Najeriya, tun da maganar ta taɓa makami, a fara ganin lauya kafin a kai takarda EFCC ko ofishin 'yan sanda. Ita kuwa jabun lezar, a cire batirin, a fasa ta kafin a jefar, kada yara su tsince ta su riƙa haska juna a ido.